HANJI NE FAGEN FARKO: YADDA ƘWAYAR HIV KE KARYA GARKUWAR CIKI, DA ABIN DA YA KAMATA MAIGIDA YA SANI



  

Darasinmu na yau yana da ɗan tsawo, kuma magana ce da yawancinmu ba ma son a taɓo ta a gaban jama'a. To amma ciwon da ake ɓoyewa shi ne yake kayar da gida. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta a natse, in ka gama ka miƙa wa uwargida ita ma ta karanta.

*ABIN DA KA SABA GANI*

Ya kai maigida, ko a Koguna kake, ko Maitsidau, ko Jibga, ko Wailare, ko cikin garin Makoda, da wuya a ce ba ka taɓa ganin irin wannan ba. Mutum ƙaƙƙarfa, wanda a da shi kaɗai yake nome gonarsa, sai ka ga gudawa ta kama shi. Yau ta tsaya, jibi ta dawo. Wata ɗaya, wata biyu. Yana cin tuwo amma jiki sai zubewa yake, wando ya daina zama a ƙugu. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce dattin ciki ne, wata tsohuwa ta ce ai shawara ce, wani kuma ya rantse jifa aka yi masa. A jiƙa wannan saiwa, a dafa wancan ganye, a sayar da akuya, a sayar da buhun gero, har a kai ga jinginar da gona.

Mu fahimci juna tun daga farko: ba kowace gudawa ce ke nuna HIV ba. Ruwa marar tsabta, tsutsar ciki, taifod, tarin fuka da ya sauka hanji, duk suna kawo haka. Amma gudawar da ta wuce wata guda tare da rama, tana cikin manyan alamomin da likitoci ke cewa lallai a yi gwajin HIV a kansu. Dalilin haka shi ne abin da za mu warware yau.

Wannan ba sabon abu ba ne a Afirka. A shekarar 1985, likitoci a ƙasar Yuganda, cikinsu har da David Serwadda da Nelson Sewankambo, sun ba da rahoton wani ciwo da ya addabi yankin Rakai. Mutanen wurin suna kiransa "silim", wato ciwon rama, saboda manyan alamunsa gudawa ce da ƙanjamewa. Daga baya aka tabbatar HIV ce. Ko a Hausa, ka duba sunan da muka ba matakin ƙarshe na ciwon: ƙanjamau. Tun kafin masana su gano dalili, idon talaka ya riga ya ga cewa ta ciki ciwon yake cin mutum.

*HANJI BA BUTUTUN ABINCI KAWAI BA NE*

Yawancinmu mun ɗauka aikin hanji shi ne ya karɓi abinci, ya tace, ya fitar da saura. Haka ne, amma aikinsa ya wuce nan.

Ƙaramin hanjin baligi ya kai tsawon kusan mita 6. Cikinsa kuma ba sumul yake ba, lanƙwashe-lanƙwashe ne da 'yan ƙananan tsiro kamar gashin tawul. Da za a shimfiɗa cikin hanji duka, zai rufe fili kimanin murabba'in mita 30, wato ya fi ɗakin kwanan da yawa daga cikinmu girma. Duk wannan fili, abin da ya raba shi da jininka shi ne bango mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak. Siririn bango ne ƙwarai, kuma jiki yana sabunta shi duk bayan kwana 3 zuwa 5. Ikon Allah ke nan.

A ɗaya gefen bangon akwai duk abin da ka haɗiya: tuwo, fura, ruwan rijiya, ƙurar hanya, da ƙwayoyin bakteriya masu ɗimbin yawa da ke zaune a hanji. Wasunsu masu amfani ne, suna taya ka narkar da abinci. Wasu kuma da za su samu hanyar shiga jini, da sun kwantar da kai.

Ka ɗauki hanji kamar zauren gidanka. A nan baƙo yake tsayawa, a nan ake tantance wa zai shiga cikin gida, wa za a sallama daga waje. Shi ya sa Allah cikin hikimarSa Ya jibge ɗimbin dakarun garkuwar jiki a jikin bangon hanji. A cikin waɗannan dakaru akwai wasu da ake kira CD4. Su ba su cika yin faɗa da kansu ba, aikinsu kamar na mai unguwa ne: su ne ke gane ɓarawo, su yi shela, su tara matasa, su ce wane ka tsaya nan, wane ka bi ta can. In babu su, dakaru suna nan amma babu mai ba da umarni.

*YADDA ƘWAYAR KE SHIGA*

Ƙwayar HIV ba ta iya hayayyafa ita kaɗai, sai ta shiga cikin ƙwayar halittar mutum. Kuma wadda ta fi so ita ce CD4 ɗin nan. Don ta shiga, tana buƙatar ƙofa biyu: ta farko ita ce alamar CD4 kanta, ta biyu kuma wata 'yar ƙofa da masana suka sa wa suna CCR5. To ga inda matsalar take: dakarun CD4 da ke zaune a hanji, yawancinsu suna ɗauke da wannan ƙofa ta biyu, kuma kullum a farke suke saboda aikin gadi. Irin waɗannan su ne abincin da ƙwayar ta fi so.

Saboda haka, ko ta wace hanya ƙwayar ta shiga jiki, ta saduwa ce, ko ta jini, ko ta reza da allurar da wani ya yi amfani da su, cikin 'yan kwanaki sai ta tarar da kanta a hanji, ta samu wurin hayayyafa.

A shekarar 1998, wani masani a Amurka mai suna Ronald Veazey da abokan aikinsa sun gwada birai da aka sa wa 'yar uwar wannan ƙwaya. Suka ga cikin kimanin mako 2 dakarun CD4 na hanji sun ragu ƙwarai, alhali na cikin jini ba su nuna wani babban canji ba. A shekarar 2004, wasu rukunin masana guda biyu suka duba hanjin mutane, suka samu abu iri ɗaya. Wannan ya canza yadda likitoci ke kallon ciwon. A da ana zaton a hankali yake cin garkuwa shekara da shekaru. Ashe babbar ɓarnar farko a makonnin farko ake yin ta, kuma a hanji.

A wannan lokacin, me mutum yake ji? Wani zazzaɓi ne kawai, mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa, da ciwon maƙogwaro, ko ƙuraje, ko 'yar gudawa. Sai ya ce maleriya ce, ya sayi magani a kemis, ya warware, ya koma gona. Wani ma ba ya jin komai. Kamar gara ce a rumbu: daga waje rumbu lafiya lau, daga ciki kuwa ana ta aiki.

*IDAN DANGA TA FARA YOYO*

A cikin dakarun CD4 na hanji akwai wani rukuni da ake kira Th17. Su ne masu kula da lafiyar bangon kansa. Suna sa ƙwayoyin bango su manne wa juna sosai, suna sa a fitar da sinadaran da ke kashe bakteriya da fumfuna. Wannan rukuni yana cikin waɗanda HIV ta fi yi wa ɓarna.

Idan suka ragu, sai bango ya fara saki. Ka san yadda dangar kara take idan ta kwana biyu ba gyara: ba faɗuwa take yi gaba ɗaya ba, 'yan kafofi ne ke buɗewa, yau kaza ta shiga, gobe ɗan akuya. Haka ɓurɓushin bakteriyar hanji ke fara tsallakawa cikin jini. A shekarar 2006, Jason Brenchley da Daniel Douek da abokan aikinsu a Amurka sun auna wannan ɓurɓushi a jinin masu ɗauke da HIV, suka ga ya fi na sauran mutane yawa, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon yadda garkuwar jiki ke zama a hargitse.

Ga yadda abin yake juyawa. Ɓurɓushi ya shiga jini, garkuwar jiki ta tashi tsaye kamar an yi ihun ɓarawo. Dakarun CD4 da suka rage su farka. Wanda ya farka kuwa shi ne ƙwayar HIV ta fi sauƙin kamawa. Sai a ƙara rasa dakaru, bango ya ƙara saki, ɓurɓushi ya ƙara shiga. Garin da kullum dare ake ihun ɓarawo, ai ko ba a saci komai ba mutanensa za su gaji. Wannan hargitsi na dindindin yana cikin abubuwan da masana ke dangantawa da ciwon zuciya, da na ƙoda, da na hanta, da saurin tsufa ga wanda ya daɗe da ƙwayar ba tare da magani ba.

Sannan ga ɓangaren abinci. 'Yan tsiron nan na cikin hanji da ke tsotse amfanin abinci suna gajarcewa, sai abinci ya riƙa wucewa ba tare da jiki ya mori komai ba. Shi ya sa za ka ga mutum yana ci amma yana ramewa. Ba maita ba ce, hanji ne ya kasa riƙe abin da aka ba shi.

*BAƘIN DA KE SAMUN ƘOFA A BUƊE*

Mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a ɗan ma'aunin jini da ake gwadawa. Idan suka sauka ƙasa da 200, likitoci suna cewa ciwo ya yi nisa. A nan ne cututtukan da a da jiki ke korarsu cikin kwana biyu suke samun wurin zama:

• Wata ƙwaya mai suna kiriftosforidiyam, da ake samu a ruwan da kashin dabbobi ko na mutane ya gurɓata. Tana sa gudawa kamar ruwa, mai daɗewa. Sinadarin kulorin ba ya kashe ta da sauƙi, amma tafasa ruwa yana kashe ta.
• Bakteriyar salmonela, daga ƙwai ko nama ko madarar da ba su dahu ba. Ga mai raunin garkuwa tana iya tsallakawa jini.
• Tarin fuka, wanda ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana sauka hanji ya kawo ciwon ciki, kumburi da zufar dare.
• Fumfunar baki: wani farin abu kamar kindirmo a kan harshe da dasashi. In ta gangara maƙogwaro, haɗiyar abinci ma sai da zafi.

Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinka ko na wani naka, kada a tsaya jiƙe-jiƙe: gudawar da ta wuce wata guda, zubewar jiki ba dalili, musamman in ta kai kashi 1 cikin 10 na nauyin mutum, farin abu a baki ga babba, zazzaɓin da ya ƙi tafiya sama da wata, tarin da ya wuce mako 2.

*GWAJI: MINTI KAƊAN NE*

Babban binciken ƙasa da aka yi a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan a ƙasa baki ɗaya. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma adadin ya tsaya a kashi 0.6. Alhamdu lillahi bai kai na wasu wurare ba. Amma ka lissafa da kanka: mutum 6 ke nan a cikin kowane 1,000. Ka tuna yawan mutanen da ke cika kasuwar Dambatta ranar da take ci, sai ka gane maganar ba ta mutanen nesa ba ce.

Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, kafin ka gama shan shayi sakamako ya fito. Ana yi a manyan asibitocin gwamnati kamar na Dambatta da Bichi, da ɗakunan awon ciki. A cikin birni akwai Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Abu ɗaya da za ka riƙe: idan kamuwar sabuwa ce, gwaji yana iya nuna babu alhali akwai. Don haka wanda yake da dalilin shakka, ya sake gwaji bayan wata 3. Wanda kuma ya san wani abu ya faru, kamar fyaɗe, ko allurar mai ciwo ta soke shi, ya garzaya asibiti kafin awa 72 su cika. Akwai maganin kariya da ake sha na kwana 28.

A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, wanda ya haɗa da HIV, da ciwon hanta, da rukunin jini na sikila. Ya kai waliyyi, kada ka ɗauki wannan a matsayin cin fuska ga surukinka. Kuma kada a je a nemo takardar bogi don a rufe baki. 'Yarka ce za ta zauna a gidan. Haka mai ƙara aure, da mai auren bazawara, da wanda ya dawo daga ci-rani bayan dogon lokaci: gwaji kariya ce ga kowa. In gida mai mata biyu ko uku ne, a gwada kowa da kowa, domin yana faruwa a samu ɗaya da ita, ɗaya babu.

*MAGANI YANA NAN, KUMA KYAUTA NE*

Tun 2006 gwamnatin Najeriya ta mayar da maganin rage ƙarfin HIV kyauta a asibitocinta. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi magani nan take, ba sai an jira ya kwanta ba, Najeriya ma ta bi wannan tsari. Yau yawancin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD, haɗin magunguna uku a wuri guda.

Me maganin yake yi wa hanji? Yana tsayar da hayayyafar ƙwayar, sai jiki ya samu sararin gyara. Gudawa ta tsaya, cin abinci ya dawo, jiki ya murmure, mutum ya koma gonarsa. Sai dai bincike ya nuna dakarun hanji sun fi na jini jinkirin dawowa, kuma ga wanda ya makara ba sa cika komawa yadda suke a da. Wanda ya fara da wuri shi ya fi samun gyara mai kyau. Ka ga ke nan duk watan da aka ɓata ana yawon neman maganin basir, hanji ne yake biyan kuɗin.

Maganin ba ya fitar da ƙwayar gaba ɗaya. Tana laɓewa a wasu lunguna na jiki, kuma hanji yana cikin manyan maɓoyanta. Da zarar an daina sha, cikin 'yan makonni sai ta fito. Amma wanda ya riƙe shan magani har gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa, ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa, kuma yana iya rayuwa mai tsawo kamar kowa, da yardar Allah.

Ga abubuwa uku da za a kiyaye:

1. Maganin gyambon ciki na ruwa, mai fari kamar madara, da ƙwayoyin ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi, suna riƙe ɗaya daga cikin magungunan TLD a hanji su hana shi shiga jini. Ƙa'ida ita ce a sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Mai ciki da ke shan maganin ƙarin jini ta tambayi ma'aikaciyar awo yadda za ta tsara.
2. Wanda ake yi wa maganin tarin fuka ya gaya wa likita, domin akwai ƙarin da ake yi masa.
3. Idan an ba ka Septrin, kada ka raina shi. Gwaje-gwajen da aka yi a birnin Abidjan, aka buga a 1999, sun nuna yana rage kwanciya asibiti da mutuwa, kuma yana tare wasu cututtukan hanji.

*ZUMA, HABBATUS SAUDA DA ZOGALE FA?*

Mun san wannan tambaya tana ranka, tunda a wannan zaure kullum muna maganarsu. Zuma abinci ce mai albarka, habbatus sauda da man zaitun da dabino suna da matsayinsu a wurinmu, zogale kuwa yana gina jiki. Mai HIV zai iya amfani da su daidai wa daida a matsayin abinci. Amma amana ce a kanmu mu faɗa maka gaskiya: babu wani ingantaccen gwaji da ya nuna ɗayansu yana kashe ƙwayar HIV ko yana maye gurbin maganin asibiti. Duk wanda ya ce maka ajiye ƙwayoyinka ga haɗin da zai wanke ka cikin wata uku, to kuɗinka yake so, kuma da ranka yake wasa.

An taɓa gwada wannan a idon duniya. A 2007, shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyayyaki. Aka sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu. Bayan saukarsa, hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta saurari shaidu kan waɗanda suka rasa rayukansu a wannan shiri. Shugaban ƙasa guda ke nan, balle mai lasifika a bakin kasuwa.

Babban gargaɗi kuma shi ne wankin ciki. Mai gudawar da ta daɗe, a ƙara masa filasko ko wani haɗin "fitar da datti", daidai yake da a ga danga tana yoyo a sa mata gatari. Ruwan jiki ya ƙare, ƙoda ta wahala, maganin da ya sha ma ya wuce bai shiga jini ba. A bar wannan don Allah.

Addininmu ya kwaɗaitar da neman magani. Ka yi addu'a, ka yi sadaka, ka sha ƙwayarka a kan lokaci. Babu karo a tsakaninsu.

Maganar azumi kuma: Farfesa Abdulrazaq Habib na Asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun buga bincike a 2009 kan masu shan maganin HIV a watan Ramadan, suka ga masu azumin sun iya riƙe shan maganinsu ta hanyar sauya lokaci. Da yake yanzu sau ɗaya ne a rana, ana iya mayar da shi bayan buɗa-baki ko lokacin sahur, da shawarar likita. Wanda kuwa yake fama da gudawa ko jikinsa ya yi rauni, shari'a ta yi masa rangwame, ya tambayi malami da likita.

*KE UWARGIDA: HANJIN JARIRI*

Wannan ɓangaren naki ne. Bangon hanjin jariri ya fi na babba laushi nesa ba kusa ba. Binciken da aka yi a birnin Durban na Afirka ta Kudu ya nuna cewa jaririn uwa mai HIV da ake haɗa masa nono da wasu abubuwa a watannin farko ya fi wanda ake ba nono zalla haɗarin kamuwa. Bayanin da masana suka bayar shi ne, ƙarin abincin yana iya ƙuje bangon hanji, sai ƙwayar ta samu hanya.

Don haka uwa mai ɗauke da HIV ta riƙe maganinta tun daga ciki har yaye, ta haihu a asibiti, a ba jariri maganin kariyarsa, a gwada shi a mako 6. Ta ba shi nono zalla har wata 6: ba ruwa, ba madarar shanu ko ta akuya, ba jiƙo, ba koko. Daga nan a fara ƙarin abinci, a ci gaba da shayarwa har aƙalla shekara guda. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 1 ba, ko uwarsa lafiyarta ƙalau. Maigida, kai ne za ka tsaya mata a gaban kakanni idan aka zo da maganar "ai yaro yana jin ƙishi".

*TSARE HANJI A CIKIN GIDA*

Waɗannan suna amfanar kowa, mai HIV da wanda ba shi da ita:

• A tafasa ruwan sha, musamman na rijiyar da ba ta da murfi, da na kududdufi ko madatsar ruwa irin ta Tomas. A zuba a tulu mai murfi, da moɗa guda da ba a sa mata baki.
• A wanke hannu da sabulu bayan bayan-gida, bayan wanke wa yaro, bayan sharar turke, da kafin girki.
• Nonon fura ya zama daga madarar da aka dafa. Ƙwai da nama su dahu sosai. Ɗumame ya yi zafi har ciki.
• Latas, tumatir da kabeji na lambu a wanke su da ruwa mai tsabta.
• A ci abin da ke gina jiki daga abin da muke nomawa: wake, gyaɗa, waken suya, zogale, kuka, ƙwai, kifi in an samu.
• Idan gudawa ta zo, a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda a lita 1 na tafasasshen ruwa. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita 1. Kada a daina cin abinci. In da jini, ko zazzaɓi, ko mutum ya kasa sha, sai asibiti.
• Wajen wanzami, ko aski ne, ko ƙaho, ko kaciya: sabuwar reza ga kowane mutum. Masu yin hijama su ma haka. Ka sayi taka ka tafi da ita, ba abin kunya ba ne.

*KADA KA GUJI ƊAN UWANKA*

Duk da cewa ciwon a hanji yake ɓarna, ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko shan fura da ludayi ɗaya, ko buta, ko musabaha, ko tsayuwa a sahu ɗaya. Sauro ma ba ya ɗaukarsa. Kuma ba kowane mai HIV ne ya same ta ta hanyar banza ba. Akwai matar da a ɗakin aurenta ta samu, akwai yaron da aka haifa da ita, akwai wanda ƙarin jini ne ko reza. Zato zunubi ne, tonon asiri kuma ya fi muni. A dokar ƙasa ma, tun 2014 an haramta nuna wa mai HIV wariya.

Tsoron bakin mutane shi ne yake sa wani ya ƙi gwaji, wata ta riƙa ɓoye maganinta a ƙasan tukunya har ta daina sha. In Allah Ya jarrabi wani a gidanka, kai ne za ka zama mai tuna masa lokacin magani, kai ne za ka ba shi kuɗin mota ranar karɓo shi. In kuma kai ne, ka daure ka sanar da iyalinka, ma'aikatan asibiti suna taimakawa wajen yadda za a faɗa. Haƙƙinsu ne a kanka.

Wanda ya san wani da gudawa ta ƙi sakinsa, ko yake ramewa ba a san dalili ba, ya kama hannunsa a wannan makon su je a duba. In ba HIV ba ce, an huta da zullumi, a nemi ainihin ciwon. In ita ce, ga magani nan kyauta, kuma gara yau da gobe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.

A tura wa 'yan uwa da abokan arziki, ba ka san wanda zai amfana ba.